Gefen Zanena a Hoton Tumaki

Ban san fuskar mahaifiyata ba. Ta rasu wajen haihuwar ƙanena ina tatata, kuma ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Gwaggona da ta riƙe ni takan ce hancina nata ne, wata tsohuwa a unguwarmu kuma ta ce ko kusa, goshin ne kawai. Haka na taso ina harhaɗa fuskar uwata daga bakin mutane, wannan ya ba ni ido, wancan ya ba ni wushirya, har yau ba ta haɗu ba. Shi ya sa tun ina da cikin ɗiyata nake fama da wata damuwa da ban gaya wa kowa ba: in na tafi yadda ta tafi, da me yarinyar nan za ta san ni? Abu ɗaya nake so a duniya, hoto guda, ni da ita, tana bayana ko tana kan cinyata.

Kuma ba wai babu waya a gidan ba. Maigidana manomi ne, in aikin gona ya yi sauƙi yana kabu-kabu da babur tsakanin Gurbin Bore da Zurmi, wani lokaci har Kaura Namoda. Cikina ya tsufa ya dawo daga Kaura da wata waya ta hannu, gilashinta a tsage ta kusurwa, amma idonta ras. Ya ɗauki hoton zakaranmu a kan rumbu ya nuna mini, har jan tsikonsa ya fito kamar in taɓa. Na yi ta murna a raina. Na ce ba shakka saboda abin da ke cikina ya sayo ta, kunya ce ta hana shi faɗi.

Kunyar kuwa na san da ita. A wurinmu ɗan fari ba na iyayensa ba ne a gaban jama'a. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa, ba ka nuna ka san yana wurin. Ni kaina in surukata, wadda duk gidan muke ce wa Inna, tana tsakar gida, ko yarinyar ta tsage da kuka ba na motsi sai ta ce, "Ke, ɗauki ɗiyar mutane ki ba ta ta sha, kina ji kina wani sunne kai." Sannan in ɗauka kamar an tilasta ni, in juya wa mutane baya. 'Yar Inna nake ce mata. Shi kuwa ubanta "yarinyar can" yake cewa, ko da tana kwance dab da ƙafarsa. Duk wannan ban ga laifinsa ba, haka muka tarar. Amma na ɗauka hoto daban ne. Hoto ba ya magana, ba sai an kira suna ba. Ka ɗaga waya ka danna, ka mayar aljihu, wa ya gani?

Ranar suna Inna ta ba jikarta tunkiya, uda ce, daga kai zuwa tsakiyar ciki ja wur, daga nan zuwa jela fara tas, kamar an tsoma rabinta a rini. Ta ce dukiyar yarinya ce, duk abin da ta haifa nata ne. Aka haɗa ta da tumakin gidan. Da damina ta kankama ana kora su kwarin da ke bayan garinmu, can inda ba a shuka saboda ruwa yana kwanciya.

Dole in faɗi gaskiya game da kwarin nan, yana da kyau. Tudu ne ta gabas, tudu ta yamma, tsakiya ta lotsa kamar ƙwarya. Ruwa yana bi ta ciki siriri, yana ɓacewa cikin ciyawa ya sake fitowa can gaba. Akwai giginya biyu a bakin ruwan, ɗaya ta ɗan karkata kamar tana sauraren ɗayar. Akwai wani gawo tsirara, shi kaɗai ba ganye alhali komai ya yi kore shar. Balbelu suna bin tumaki a ƙafa. Na sha bi ta nan tun ina budurwa, don garin gwaggona yana hayin kwarin ne, amma ban taɓa tsayawa na ce kai, wurin nan da kyau ba. Hanya ce kawai, mai caɓi da ƙaya. Sai da na gan shi a cikin wayar maigidana.

A kwarin nan maigidana ya tare. Da ya taso daga gona, maimakon ya shigo gida, sai ya zarce kwari. Ya dawo wandonsa jiƙe har gwiwa, ƙirjin rigarsa duk laka, saboda wai sai ya kwanta rub da ciki tumakin suke fitowa daidai da sararin sama a bayansu. Ya zauna a kan turmi yana ta shafa waya da yatsa, abinci na sanyi. Ya nuna wa Inna, ta riƙe wayar nesa da fuska ta ce, "Ikon Allah, wagga ba udar jikata ba ce?" Ya nuna wa ƙanwarsa. Ni ma yakan miƙo mini in ba kowa.

Ina kallo. Tumaki suna kiwo a gangare, hadari ya haɗo baƙi ƙirin a bayansu, su kuma sun yi fari fat kamar an wanke. Tumaki suna shan ruwa, inuwarsu a cikin ruwan. Uda ta ɗaga kai da ciyawa a baki, rana ta bi ta cikin kunnenta har jijiyoyin sun fito. Ina shafawa ina wucewa, ina cewa na gaba ne, na gaba ne. Ko ƙafarta. Ko bayan kanta tana barci. Na kai ƙarshe na tarar da zakaran nan na farko a kan rumbu. Babu ni, babu ita.

Ban san mutum zai iya jin zafin dabba haka ba. Wata safiya na gan shi ya durƙusa a garke yana cire wa udar ƙarangiya daga gashi, ɗaya bayan ɗaya, ya goge mata kwantsa da hannun rigarsa, don za a ɗauke ta hoto. Ni ina tsaye da tsintsiya, na yi sabon kitso, na sa kwalli, ya wuce ni ya ce in ajiye masa fura. Yakan zauna a kwari tun la'asar har rana ta yi ja, wai yana jiran haske ya yi daidai. Ni dai ban tuna ranar da ya jira ni na gama ɗaura ɗankwali ba tare da ya tayar da babur yana matsa mini ba. In udar ta leƙo madafa tana neman dusa, ina kallonta tana kallona da idon nan nata mai kama da na marar laifi, sai in ji kamar in kwaɗa mata muciya.

Ƙanwarsa ce ta fara gane ni. Budurwa ce mai baki, tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ni gidan, ba ta raga mini ba na raga mata.

"Matar yaya, mi ya same ki kike harare-hararen tumaki?"

"Ni? Ina ruwana da su."

"In hoto kike so, abu mai sauƙi. Bari in shafa miki jar ƙasa daga kai zuwa cibiya, ki duƙa ki ce mee. Wallahi yau sai ya kwanta cikin laka dominki."

"Allah shi shirye ki. Mijin da zai kwashe ki ya shiga uku."

"In dai yana da waya, ni ba tumaki zai ɗauka ba."

Na yi dariya don kar ta ga ta same ni, amma ta same ni.

Abin bai tsaya a gida ba. Ya fara ɗora hotunan a intanet in ya je Zurmi inda sabis ya fi ƙarfi. Ƙanwar tasa ta fi ni karatu, ita ke karanto mana abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Wani ya ce ashe akwai wuri irin wannan a Zamfara. Wani ya rantse ƙasar waje ce, ƙarya ake yi. Wata mata daga wani gari mai nisa ta rubuta cewa duk safiya sai ta kalli hoton tumakin nan kafin ta fita aiki, yana sanyaya mata rai. Maigidana ya yi kamar bai ji ba, amma na ga yana murmushi a cikin kwanon tuwo. Na ce a raina, to madalla. Matar da ban sani ba tana can tana sanyaya rai da hannun mijina, mutanen da ba su san hanyar garinmu ba sun san udar ɗiyata, sun san tana da tabo a kunnen hagu. Ɗiyar kuwa fuskarta na canzawa kullum. Kumatun da take da su ranar arba'in sun tafi, gashin haihuwa ya zube wani ya fito, ba wanda ya riƙe ko ɗaya.

Sau ɗaya na kusa roƙonsa. Muna ɗaki mu kaɗai da hantsi, yarinyar tana kwance tana cin yatsan ƙafarta. Na ce, "Malam, wayar nan tana ɗaukar mutane kuwa?" Ya ce, "Mi zai hana?" Ya jira. Ni ma na jira. Bakina ya ƙi ƙarasawa. Uwa ta buɗe baki ta ce a ɗauki ɗiyarta ta fari hoto, ina zan kai wannan rashin ta ido? Ya sa hula ya fita.

Wajen ƙarshen damina aka aiko gwaggona ba ta da lafiya. Inna ta ce in je in gaishe ta, ƙanwar maigidana ta raka ni. Lokacin yarinyar ta fara zama. Na goya ta da zanena mai ruwan ɗorawa da zanen ganye baƙi, wanda na fi so, na sa mata 'yar hula ja. Mun dawo da la'asar sakaliya, muka gangaro kwari, sai ga tumakinmu baje a gindin giginyun nan, ga maigidana can durƙushe a kan gwiwa ɗaya, waya a hannu.

Ban yi shawara da kowa ba. Hanya ta bi ta dama, ni na bi ta hagu, na ratsa cikin tumakin. Na tsaya kusa da uda kamar ƙaya ta soke ni. Na duƙa na duba tafin ƙafa, na miƙe, na gyara goyo, na juya gefe yadda fuskar yarinyar za ta leƙo ta kafaɗata. Na daɗe ina gyaran goyon da ba abin da ya same shi. Rana tana bayansa, ba na ganin fuskarsa sosai, wayar kawai nake gani a ɗage. Wasu maza biyu suka ɓullo ta kan tudu da fartanya a kafaɗa, suka yi masa sannu da aiki.

Sai na ji muryarsa da ƙarfi: "Ku ɗan matsa mana, kun tare mini tumaki."

Ƙanwarsa ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Matar yaya, na gaya miki sai da jar ƙasa!"

Ban san yadda na iso gida ba. Na san dai na taka caɓi har idon sawu ban kauce ba, kuma kwana da kwanaki ban ce masa komai ba bayan ga abinci, ga ruwa.

Bayan 'yan kwanaki ƙanwar ta kawo mini wayarsa yana wanka, ta ce in ga wanda ya fi kowanne samun yabo. Hoton ranar ne. Giginya biyu, ruwa ya yi ja saboda rana, tumaki kamar an jera su da hannu, uda a gaba. Na kai idona can gefen hagu, dab da inda hoton ya ƙare, na ga wani ɗan ƙyalle siriri mai ruwan ɗorawa da rabin ganye baƙi. Gefen zanena ne. Faɗinsa bai kai yatsa ba. Wato muna cikin hoton, ya sa hannu ya yanke mu kamar yadda ake yanke ruɓaɓɓen gefen doya. Wannan ya fi mini ciwo a kan a ce bai ɗauka ba sam. Mutane suna ta rubuta masha Allah a ƙasa, ba wanda ya tambayi ƙyallen mene ne.

Ba mu ƙara wata damina a garin ba. Zaman ya ƙi daɗi, kowa ya san halin da yankinmu yake ciki. Kwarin da ake kiwo ya zama wurin da ba mai zuwa, ko da rana tsaka. Aka kai tumakin kasuwar Shinkafi, har da uda da ɗan da ta haifa, muka kwaso abin da babur da mota za su iya ɗauka muka dawo Kaura Namoda, muka kama ɗaki a bayan kasuwar hatsi. A hanyar tahowa wayar ta faɗa ruwa wajen ƙetare gulbi. Mai gyara ya buɗe ta ya ce ta mutu da duk abin da ke cikinta. Maigidana ya koma tuƙin keke napep. Ya sayi ƙaramar waya mai maɓalli, ta kira kawai. Ranar da aka sayar da udar na zaci zan ji sanyi. Ban ji ba. Na tsinci kaina ina tunanin wa zai cire mata ƙarangiya.

A Kaura hoto ba wuya. Maƙwabciyarmu matar wani ɗalibin kwalejin fasaha ce, kullum mijinta na ɗaga ɗansu na fari sama yana ɗaukarsa, yana kiran sunansa gatsal a tsakar gida, Inna tana taɓe baki tana cewa zamani ya zo da rashin kunya. Ni ina wanke-wanke ina satar kallonsu, abin yana cina. Matar ta ɗauke ni da 'yar Inna a wayarta ba sau ɗaya ba, har an wanke mini guda na sa a ƙasan akwati. To, in na mutu yau za ta san fuskata, wannan damuwar ta ragu. Amma a hoton ta riga ta yi wayo, tana tsaye da ƙafarta, bayanmu bangon siminti ne da igiyar shanya. Kuma ba ubanta ya ɗauka ba.

Rannan muna tsince shinkafa da ƙanwar maigidana, yanzu an sa mata rana ta ɗan rage baki, zancen gida ya taso. Na ce ni har yanzu ban manta da yankan da aka yi mini a hoto ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Wai ke har yanzu ba ki san abin da ya faru ba?"

"Mi ya faru?"

"Lallai yaya ya iya rufe ciki. Ai cikakken ya fara turawa. Da ke, da goyonki, da jar hular nan. Ya tura a zauren waya na 'yan kabu-kabu, ya zaci tumakin za su kalla, ku ba wanda zai lura. Ashe ƙanen Babanmu yana ciki. Kafin ya iso gida an yi ta yi masa tsiya, wai ga marar kunya ya fito da ɗiyar fari kasuwa, wai saura ya goya ta a babur. Ƙanen Baba ya kira shi ya yi masa tatas. Shi ne ya goge, ya yanke, ya sake ɗorawa."

"Ke kin gani da idonki?"

"Na gani mana. Kin wani karkace kamar giginyar. Amma kin yi kyau, ba zan ci amanarki ba."

"Shi ne ba ki gaya mini ba?"

"Ya ce in na faɗa sai ya karya ni. Kuma ina jin daɗin ganin kina harara tumaki."

Na watsa mata tsakuwar da na tsince.

Da ya dawo cin abincin rana na bari Inna ta shiga salla, na ajiye masa kwano na ƙi tashi.

"Malam, hoton ranar da muka dawo daga gaida Gwaggo."

Ya ci gaba da cin abinci.

"Muna ciki?"

Ya daɗe yana tauna. "Kuna ciki."

"To don mi ka ce mu matsa?"

"Ba ki ga mutane sun taho ba? Ai na riga na ɗauka tun kina duban ƙayar ƙarya."

Na ji kunya ta rufe ni, na ji haushi, duk a lokaci guda. Na ce, "Yaya muka fito?"

Ya kalli ƙofa, ya rage murya. "Ke kina kallon ƙasa. Ita yarinyar can ni take kallo. Ta buɗe baki." Ya wanke hannu ya miƙe. Har ya kai bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Hasken ranar ya yi kyau ƙwarai."

Iyakar abin da na samu ke nan daga bakinsa, kuma na san ba zan ƙara samun wani ba.

Da na ce wannan ya wanke mini zuciya, da na yi ƙarya. Kishin ne ya sake wuri. A da da tumaki nake yi, yanzu da mutanen da ban sani ba. Ƙanwarsa ta ce kafin ya goge, hoton ya ɗan jima a zauren, kuma irin wayoyin nan suna ajiye abin da aka turo da kansu. 'Yan kabu-kabun sun watse, wasu suna Gusau, wasu Shinkafi, wasu sun ƙetara Nijar. Shi ba zai taɓa buɗe baki ya tambaye su ba, kunyar da ta sa ya yanke ita za ta hana shi. Wato yanzu haka akwai wani ƙato yana yawo da ni da ɗiyata a aljihunsa, tsakanin hotunan babura da na 'yan ƙwallo, bai ma san muna nan ba. Ya ga yadda ta kalli ubanta ta buɗe baki. Ƙanen Baba ya gani, ƙanwar mijina ta gani, masu yi masa tsiya duk sun gani. Ni da na tsaya cikin caɓi ina gyaran goyo, ni kaɗai ce ban gani ba.

Yanzu ina da wani cikin, ya fara nauyi, kuma irin wannan haihuwar ta biyu ce ta tafi da mahaifiyata. Ina sa rai ga Allah, amma ina so in ga hoton nan kafin lokacin, in nuna wa 'yar Inna, in ce mata ga garinku, ga tunkiyarki, ga ki, kuma ubanki ne ya ɗauka.

Don haka ina roƙonka, kai mai karatu, musamman in ka taɓa yin kabu-kabu a hanyar Zurmi da Gurbin Bore, ko kana da ɗan'uwa da ya yi. Ka duba tsofaffin hotunan wayarka kafin ka goge su. Kwari ne kore da giginya biyu, ɗaya a karkace, tumaki a gindinsu, uda a gaba mai tabo a kunne. Ta hagu akwai mace da zane ruwan ɗorawa tana kallon ƙasa, da yarinya mai jar hula a bayanta. In ka same shi kada ka kai wa maigidana, zai ce bai san zancen ba. Ka tura wa wata mace da ka sani a Kaura Namoda, ka ce ta nuna wa matan bayan kasuwar hatsi. Zai iso gare ni.